Ɗakin Ƙeya

Shekara uku ke nan da babur ya kayar da ni
a kwanar Dadin Kowa, ana kiran la'asar.
Ƙashi ya ɗoru, ƙurji ya bushe,
hasken rana ne bai sake yi mini sallama ba.

A asibitin Gombe Dakta Lamela ya haska fitilarsa.
Ya ce, "Bappayo, ƙwayar idonka garau take,
jijiyar da ke kai saƙo ce ta tsinke."
Na ce to a haɗa mana, ai ko waya ana haɗawa.
Ya yi shiru. Sai na ji tafinsa a ƙeyata.
"Nan ake gani," in ji shi. "Ido ƙofa ce kawai.
Ɗakin yana nan baya, mai ɗakin bai mutu ba,
baƙi ne suka daina zuwa."

Ni da na shekara ashirin ina kwance injin ban-ruwa,
ban san da ƙeya nake kallo ba.

Watannin farko ɗakin ya ƙi zaman kaɗaici.
Da magariba sai ya ƙirƙiro baƙinsa:
ƴan awaki shuɗɗa, ba su kai yatsa ba,
suna hawa bangon da ba na gani,
ga wata mai tulu, ba fuska, ta gifta ta bar ni.
Dijatu ta ce iska ce, ta hura garwashi,
na sha hayaƙi har ƙirji ya yi tsami.
Likita ya ce ba aljani, ba hauka:
maƙeri ne aka hana ƙarfe,
yake bugun uwar maƙera don kada hannu ya mutu.

Amma a bakin Gongola wa ya taɓa ganin fili ya kwana saura?
Ka bar gonarka rani ɗaya,
maƙwabci ya zuba albasa.

Kunne ne ya fara shigowa da tabarmarsa.
Yatsu suka biyo baya, su goma, ba sallama.
Kada ku ce kyauta aka ba ni:
ku tambayi ƙofar shagona sau nawa ta sha goshina,
ku ƙirga tabon da ke ƙaurina.
Sai wata safiya, a lungun masallaci,
ƙarar takalmina ta je ta dawo,
na tsaya cak. Bango ne, taku biyu.
Ba ji na yi ba, ba kuma gani ba,
wani abu ne tsakaninsu da Hausa ba ta raɗa wa suna ba.

Jiya Manu ya turo injinsa a baro,
ya ce, "Yaronka ya duba, kai ka huta."
Na ce tayar da shi.
Ya yi tari, ya kama, yana gurnani.
Can ƙarƙashin gurnanin na hango wani ɗan kuka
siriri, a hagu, yana zagaye.
Na ce boris ne ya ci. Miƙo sha uku.
Yatsa ya san noti kafin sufana ta iso.
Manu bai ce komai ba har aka ɗaure,
sai ya biya, ya ƙara da tumatir.

Akwai abin da ƴan haya ba su iya ba.
Koren shinkafa ya fara kuɓuce mini.
Yelwa, da aka haifa bayan haɗarin,
an ce bakinta nawa ne, goshin na uwarta.
In ta kama hannuna ta ɗora a fuskarta,
wani abu yakan kunnu can baya,
ba launi, ba inuwa,
amma ko cikin yara ɗari ba zan ɓata ta ba.

Don haka in kun wuce ta shago
kun tarar ina sosa ƙeya,
ba kunya ba ce, ba bashi ake bi na ba.
Mutanen ɗakin nake gaisarwa.